Laƙabin Imel na Sirri a Sabar Kanka: Inda Aka Fi Yin Tuntuɓe

Amfanin laƙabi, wato ƙarin adireshin imel da ke kai saƙo akwatinka na ainihi, shi ne kowane shafi ya samu adireshinsa daban, ranar da tarkacen saƙonni suka fara zuwa ka san wanda ya bari adireshin ya fita, ka rufe wannan ƙofar kaɗai. Yawancin kurakuran da ake yi a Postfix, manhajar da ke tafiyar da sabar imel, wannan amfanin suke rushewa.

Na farko, dogaro da alamar tarawa, wato suna+kasuwa@. Da saitin recipient_delimiter na Postfix ake kunna ta, ba ta da wuya, amma ba sirri ba ce. Duk wanda ya goge abin da ya biyo bayan + ya ga ainihin adireshinka, wasu shafukan ma ƙin karɓarta suke yi. Haka nan sa sunan shafin tsagwaronsa, kamar banki@: wanda ya ga ɗaya zai cinki sauran.

Gara laƙabin ya zama haruffa barkatai, sai dai a kula da yadda ake haɗa su. $RANDOM na Bash, manhajar rubuta umarni, daga 0 zuwa 32767 kawai yake bayarwa, kuma ba don tsaro aka yi shi ba. Umarnin openssl rand -hex 6 ya wadatar: haruffa 12, bit 48. A guji base64, wani tsarin rubuta bayanai da haruffa, domin yana fitar da + da / da =, ita kuwa + za ta yi karo da recipient_delimiter. Ga shi kuma postmap, umarnin da ke gina jadawalin da Postfix ke dubawa, yana mayar da manyan baƙaƙe ƙanana, cakuɗa su bai ƙara komai ba. Iyakar abin da ke zuwa kafin @ bayit 64 ce, amma kada ka kusanci wannan. Wata rana a waya za ka karanta wa wani shi.

Babban tarko shi ne layin karɓi-duka, inda duk saƙon da ya zo yankinka (sunan da ke biyo bayan @) zai faɗa akwati ɗaya. Da farko akwai daɗi, ba sai ka ƙirƙiri komai ba. Daga baya masu watsa tarkace su dinga gwada sunaye barkatai, sabarka na karɓa duka. Akwai wata illa da ba a cika lura da ita ba: Postfix yana duba virtual_alias_maps, jadawalin laƙabai, kafin akwatunan ainihi, saboda haka layin zai haɗiye har saƙonnin sauran masu akwati, sai fa in an rubuta wa kowannensu layin da ke nuna kansa. Gara ka rubuta kowane laƙabi a /etc/postfix/virtual, da sharhi a layin da ke samansa mai ɗauke da sunan shafin da kwanan wata. Bayan gyara ka gudanar da postmap, in ba haka ba tsohon jadawalin zai ci gaba da aiki.

Wajen ba da amsa ne asiri ya fi tonuwa. Saƙo ya zo ta laƙabi, manhajar imel ta amsa da adireshinka na gaskiya. Ka ƙara laƙabin cikin adireshin da manhajar ke aikawa da su, ka kuma ba asusunka izininsa a smtpd_sender_login_maps. Ka bar smtpd_sasl_authenticated_header a kashe, don in ka kunna shi sunan shigarka zai bayyana a layin Received da ke cikin bayanan saman saƙo. SimpleLogin da addy.io, manhajojin laƙabin imel waɗanda ana iya girka su a sabar kai, sun warware wannan da adireshin amsa na musamman.

Masu tura saƙonnin zuwa Gmail kan manta cewa turawa tana karya SPF, tsarin da ke tantance ko sabar da ta aiko saƙo tana da izinin aikawa da sunan yankin. Maganinta SRS, wato sake rubuta adireshin mai aikawa, ta hanyar manhajar postsrsd.

Laƙabin da ya lalace kuma, ka sa shi a check_recipient_access da REJECT, a ƙi saƙon tun ana cikin zaman SMTP, wato lokacin da sabar mai aikowa ke miƙa shi. In ka karɓa sannan ka mayar, adireshin bogi da mai tarkacen ya sa saƙon zai koma, kuma IP ɗinka ne zai shiga jerin waɗanda ake toshewa.