Jirgin ƙasa cikin gari ko titin tol-get: yadda zaka auna alkawarin kafin ka tafa

Tun watan Maris na 2023 da Buhari ya sa hannu kan gyaran tsarin mulki, harkar layin dogo ta daina zama ta gwamnatin tarayya ita kaɗai, jiha ma tana iya shimfiɗa nata. Shi ya sa ko nan Gusau in hira ta yi daɗi a majalisa sai ka ji wani ya ce ai jirgin cikin gari ya kamata a yi muna irin na Legas, wani ya ce a'a, a ba ɗan kwangila ya zuba titi mai kyau ya kafa tol-get ya kwashi kuɗinshi, gwamnati ba ta kashe ko sisi ba. To ga yadda zaka bi maganar in ɗan takara ko kwamishina ya zo da ita.

Tambayar farko ita ce kuɗin daga ina, kuma in bashi ne da wane kuɗi za a biya shi. Wagga tambaya ta fi duk sauran nauyi. Jirgin cikin garin Abuja da anka buɗe a 2018, bashin dala miliyan 500 ne anka ciwo daga bankin Exim na Chana ya ɗauki mafi yawan aikin. Ɗauki kalkuletar wayarka ka buga da kanka, lokacin da dala take wajen naira 460 farkon 2023 wannan kuɗin naira biliyan 230 ne, da dala ta haura 1,500 a 2024 ya zama biliyan 750, alhali fasinja naira yake biya ba dala ba, kuma ba wanda zai yarda a ninka mishi kuɗin tikiti sau uku saboda canji ya tashi. Jiha irin tamu da mafi yawan kuɗinta kason wata-wata ne daga Abuja, in ta ci bashin waje ana zare shi ne tun kafin kason ya iso, albashin malaman firamare da maganin asibiti ne suke jin jiki. In anka ce maka da naira za a ciwo, tambayi ko sukuk ne, wato takardar cin bashi bisa tsarin Musulunci, don akwai wannan hanyar wadda ba ruwa a cikinta, tarayya ta fara a 2017 da naira biliyan 100 don tituna 25, Osun ma ta yi nata tun 2013 ta gina makarantu.

Daga nan sai ka tambayi wa zai riƙe abin bayan an yanke kirtani an watse. Nan ne jirgi yake kada mutane. Na Abuja ya tsaya a 2020 lokacin korona, bai sake motsi ba sai Mayun 2024, shekara huɗu kenan bashi na tafiya jirgi na kwance. Na Adis Ababa da Habasha ta buɗe a 2015 taragai da yawa sun zauna saboda rashin kayan gyara. Kusan ko'ina a duniya kuɗin tikiti ba ya riƙe jirgin cikin gari, sai gwamnati ta riƙa cika gibi duk shekara, don haka ka nemi a faɗa maka nawa ne gibin kuma a wane layi na kasafin kuɗi zai zauna. In ya fara kame-kame ka gane ba a yi lissafin ba.

Sai maganar mutane. Jirgi yana son cunkoso na gaske, dubban mutane masu bin hanya guda safe da yamma. Legas da ke da wannan cunkoson ma ta kwashe fiye da shekara goma kafin layinta na farko, kilomita 13 daga Marina zuwa Mile 2, ya fara ɗaukar fasinja a Satumban 2023, kuma kafin shi bas ta fara sawa a layi na musamman tun 2008. Kai ma zaka iya gwadawa ba sai injiniya ba, tsaya shataletalen Lalan ko bakin tasha da safe ka ƙirga keke napep da kabu-kabu na rabin awa, ka tambayi 'yan yuniyon ina mutane sunka fi zuwa. A ganina Gusau ba ta kai ga jirgin cikin gari ba tukuna, wanda ya ce ta kai to ya kawo ƙidaya a rubuce.

Kada kuma ka ɗauka tol-get shi ne mai sauƙi. Wai gwamnati ba ta kashe komai, ai kai ne kake biya, direban tirela ya biya a get ya ɗora kan buhun masara, mai shago ya ɗora maka. Titin Keffi zuwa Makurdi da anka fara karɓar kuɗi a Fabrairun 2025, a lokacin ƙaramar mota naira 700 ne a get, manyan motoci 1,600, shi ma bashin Chana ake biya da shi. Tambayi shekara nawa kamfani zai yi yana karɓa, wa ke da ikon ƙara farashi, akwai tsohuwar hanya kyauta ga wanda ba ya iya biya ko an toshe ta, kuma in motoci ba su kai yawan da anka yi hasashe ba wa zai cika mishi, don sau da yawa a nan ne ake ɓoye sharaɗin da zai dawo wuyan gwamnati. Mun ga Obasanjo ya rushe tol-get na tarayya a farkon 2004, mun ga Legas ta koma ta sayi kwangilar titin tol-get na Lekki daga hannun 'yan kasuwa, kuma bayan EndSARS a 2020 karɓar kuɗin ta tsaya cak. Ga tamu matsalar ta daban, hanyar Funtuwa zuwa Gusau ta Tsafe da mutane ke gudun bi in rana ta yi sanyi saboda 'yan bindiga, wa zai biya kuɗin get ba a ba shi tsaro ba. Jirgi ma bai tsira ba, kowa ya tuna harin Abuja zuwa Kaduna na 28 ga Maris 2022. Don haka kuɗin tsaro dole ya fito cikin lissafin, kowanne anka zaɓa.

Abin da nake so matasanmu su riƙa tadawa shi ne tsohon layin da muke da shi, wanda ya taso daga Zariya ya ratsa Funtuwa da Gusau ya tuƙe a Ƙaura Namoda tun 1929, da shi Turawa sunka riƙa kwasar gyaɗa da auduga. Hanyar tana nan, ba sai an biya diyyar gidaje da gonaki daga farko ba, sai dai na tarayya ne, dole jiha ta zauna da hukumar jiragen ƙasa. Ɗaukar hatsi da shanu da taki a kanshi zai rage ma titi nauyin tirelolin da ke farfasa shi, cikin gari kuma bas-bas masu tsayayyen layi sun isa a fara da su.

Kafin ka je taron jin ra'ayi kan kasafin kuɗi, shiga shafin ofishin kula da basussuka na ƙasa, DMO, ka duba abin da ake bin Zamfara na gida da na waje, ka sauke kasafin jiha a waya ka nemi layin ma'aikatar ayyuka. Rubuta tambayoyinka a takarda, ku tafi ku uku ko huɗu kowa ya ɗauki guda, don mai riƙe da makirfo ba ya barin mutum ɗaya ya yi tambaya biyu.