Yadda Ake Koyon Jimlolin Sharaɗi a Turanci

Jimlar sharaɗi ita ce wadda ke rataya faruwar wani abu a kan wani: in wannan ya faru, wancan zai biyo baya. Littattafan nahawun Turanci sukan kasa ta gida huɗu, su ba su lamba 0, 1, 2 da 3, ɗalibi ya yi ta haddar lambobi har kansa ya ɗaure. A ganina wahalar ba ta kai haka ba. Mai jin Hausa rabin aikin yana bakinsa, domin tun yana yaro ya san bambancin "idan" da "da".

Mataki na farko: faɗi maganar da Hausa. Saurari abin da ya fito daga bakinka. In "idan" ce, abin yana iya faruwa. In kuwa "da … da" ce, to buri ne ko nadama, abin bai tabbata ba. Turanci kalma ɗaya yake amfani da ita a duka biyun, wato *if*, shi ya sa aikatau ne ke ɗaukar nauyin nuna bambancin.

Na biyu: ƙware a jimlolin "idan". Abin da kullum haka yake, ɓangarorin biyu duk a lokacin yanzu ake sa su: *If you heat ice, it melts*, idan ka ɗumama ƙanƙara tana narkewa. Abin da ake sa ran zai faru nan gaba kuma, sai a ƙara *will* a ɓangaren sakamako kaɗai: *If it rains, I will stay at home*.

A nan ake yawan tuntuɓe. Mukan ce "idan ka zo gobe", da siffar aikatau irin ta abin da ya riga ya wuce, sai harshe ya ja mutum ya ce *If you came tomorrow, I will help you*. Wani kuma, da ya ga maganar gobe ake yi, sai ya jera *will* a ɓangarorin biyu. Duk kuskure ne. Daidai shi ne *If you come tomorrow, I will help you*. Yi ta maimaita wannan a bayyane har ya zauna a bakinka kafin ka wuce gaba.

Na uku: raba "da" gida biyu. Hausa ba ta damu ta canza gini ba: "Da ina da mota, da na kai ka" maganar yanzu ce, "Da ka gaya mini jiya, da na zo" maganar da ta wuce ce. Turanci yakan ja da baya taki ɗaya a kowanne. Burin yanzu sai ya ari siffar lokacin da ya wuce: *If I had a car, I would take you*. Nadamar jiya kuma ya ƙara ja baya: *If you had told me, I would have come*.

Wajen ba da shawara, "da ni ne kai" ita ce *If I were you*. Kada *were* ɗin ta ba ka mamaki duk da mutum ɗaya ne ke magana, haka ake faɗa. Ana kuma iya haɗa jiya da yau a jimla guda: *If I had slept early, I wouldn't be tired now*, da na kwanta da wuri, da yanzu ba na jin gajiya.

Na huɗu: horar da kunne. Masu harshen sukan taƙaita *I had* da *I would* duka su zama *I'd*. Dubi abin da ya biyo baya: in ka ji *gone* ko *seen*, *had* ce, in ka ji *go* ko *see*, *would* ce. Haka *would've* takan shiga kunne kamar *would of*, amma *would have* ake rubutawa.

A rubutu, sa waƙafi idan *if* ce ta buɗe jimlar, in tana tsakiya ba a bukatarsa. *Unless* kuma daidai take da "in ba": *Unless you hurry, you will be late*.

Na biyar: yi aiki da rayuwarka. Kowane dare rubuta jimloli uku: abin da za ka yi gobe idan hali ya yi, abin da da za ka yi da kana da iko, da abin da ka so a ce ka yi dabam yau. Fara rubuta su da Hausa, ka mayar Turanci, sannan ka duba aikatau ɗin da ya biyo bayan *if* kafin ka rufe littafin.