Kurajen leɓe ɗin nan ba zazzaɓi kaɗai ba ne

Salam 'yan uwa. Hunturu ya shigo Gombe, leɓe sai fashewa yake, amma ku lura, fashewar sanyi daban, kurajen nan masu ruwa daban. Su waɗannan kafin su fito za ki ji wajen yana ƙaiƙayi ko zafi-zafi, washegari sai ƙananan ƙuraje su taru a gefen leɓe, su fashe su yi ɓawo, cikin kwana 7 zuwa 10 su warke. Mu dai mun saba cewa "zazzaɓi ne ya fita", alhali ƙwayar cutar da ake kira herpes ce ke kwance a jiki, maleriya ko rana ko gajiya ke tada ita.

In kina son tabbatarwa ki je asibiti tun da ruwansu, a goga auduga a kai a gwada, in sun bushe sakamakon ba ya fita sosai. Likita kan ba da wani magani mai suna acyclovir, kuma da wuri ya fi aiki.

Don Allah in suna bakinki kar ki sumbaci jinjiri, ko gidan suna kika je, ga jariri abin na da haɗari sosai. Kofi da man leɓe ma kowa da nasa.