Yadda Ake Bin Diddigin Sunan Zuriya na Cohen

Duk mai son sanin ma'anar sunan zuriya na Ibrananci, abin da ya kamata ya fara yi shi ne ya ajiye wasula gefe ya dubi baƙaƙen sunan, domin Ibrananci, kamar Larabci, yana gina yawancin kalmominsa ne a kan tushe mai baƙi uku. Baƙaƙen Cohen su ne kaf da he da nun, kuma kalmar kohen tana nufin firist, wato mai hidimar hadaya a Haikalin Kudus. A Attaura, wannan aiki gado ne na zuriyar Annabi Haruna ta wajen uba, a cikin ƙabilar Lawi. Romawa sun rushe Haikalin a shekarar 70 Miladiyya, hadaya ta tsaya, amma matsayin bai gushe ba, domin har yau a majami'un Yahudawa da ke riƙe da tsohuwar al'ada kohen ake fara kira idan za a karanta Attaura.

Daga nan sai a nemi siffofin da sunan ya ɗauka a ƙasashe daban-daban. A Jamus ana samun Kohn da Kahn, a Italiya kuma Coen. Harshen Rashanci ba shi da sautin h, saboda haka sunan ya koma Kagan ko Kogan, irin na Elena Kagan wadda ta zama alƙaliya a Kotun Ƙolin Amurka a 2010. Katz kuwa haruffan farko ne na kohen tzedek, ma'ana firist na adalci.

Mataki na uku, wanda ya fi sauran buƙatar haƙuri, shi ne gano lokacin da iyalin suka fara amsa sunan. Yahudawan Sifaniya da Fotugal sun daɗe da sunayen zuriya, amma yawancin na tsakiya da gabashin Turai ana kiransu ne da wane ɗan wane, sai a ƙara ha-Kohen idan mutum daga gidan firistoci ya fito. Gwamnatoci ne suka tilasta musu ɗaukar suna tsayayye saboda haraji da aikin soja: Sarki Joseph na Biyu na Ostiriya ya kafa dokarsa a 1787, Napoleon ya yi tasa a Faransa a 1808, Furusiya, wata tsohuwar masarauta ta Jamusawa, ta biyo baya a 1812. Wannan ne ya sa ba kowane Cohen ne kohen ba, domin wasu sun ɗauki sunan ba tare da gadonsa ba, wasu kuma ta wajen uwa ya zo musu, alhali matsayin ta uba kaɗai yake bi. Haka nan akwai 'yan gadon na ainihi masu wasu sunaye dabam. A ƙarni na 20 ma an sake canje-canje, inda mutane da yawa suka mayar da sunayensu zuwa na Ibrananci, kamar yadda David Grün ya koma David Ben-Gurion, wanda ya zama firaministan Isra'ila na farko.

Idan ana neman hujja, dutsen kabari da takardar aure sun fi rajistar gwamnati amfani. A kan kabarin kohen akan sassaƙa tafukan hannu biyu da yatsu a ware, alamar sa wa jama'a albarka, na Balawe, wato ɗan ƙabilar Lawi, kuma akan sassaƙa tulun ruwa. Wani bincike da aka buga a mujallar Nature a 1997 ya nuna cewa maza da yawa masu da'awar wannan gado suna da alamomi iri ɗaya a ƙwayar halittar Y, wadda ɗa namiji ke gada daga ubansa, sai dai a ganina irin wannan gwaji ya fi yin bayani a kan jama'a, ba ya yanke hukunci a kan mutum guda.

Wajen tattara fitattun masu sunan, a riƙa haɗa kowane suna da shekarar haihuwa da fagen aiki. Hermann Cohen (1842 zuwa 1918) masanin falsafa ne a Jami'ar Marburg. Paul Cohen ya karɓi lambar Fields ta lissafi a 1966, Leonard Cohen na Kanada mawaƙi ne da ya rasu a 2016, Eli Cohen kuwa ɗan leƙen asirin Isra'ila ne da aka rataye a Dimashƙu a 1965. Amfanin wannan tsari yana bayyana a kan Stanley Cohen, domin masana kimiyya biyu ne suke amsa sunan: wanda aka haifa a 1922 shi ya sami lambar Nobel ta likitanci a 1986 tare da Rita Levi-Montalcini, wanda aka haifa a 1935 kuma shi ne ya yi aikin haɗa ƙwayoyin gado da Herbert Boyer a 1973. A kuma yi hattara da kamannin rubutu, domin George M. Cohan, ɗan wasan dandamali na Amurka, asalinsa daga Ailan ne, kuma sunansa ba shi da alaƙa da Ibrananci.