Yadda ake maida fako gona, daga jera duwatsu har zuwa tassa

Duk wanda ya san ƙasar Adar ya san fako, ƙasar nan mai tauri da ko ƙarangiya ba ta son fita bisanta, in anka yi ruwa sai ka ga ya mirgine ya wuce kamar bisa siminti anka zuba shi. To ruwan nan fa ba ɓacewa yake ba, gangarowa yake daga tudu ya haɗu da na gonar maƙwabci ya zama kori, korin ya kwashi yashi ya je ya binne shukar wani a fadama ko ya cike tabki. Kwarin Keita, Majiya, Badagishiri duk haka suke, kowane kwari ruwan tuddan da ke kewaye da shi yake sha, abin da na sama ya yi wa gonarshi na ƙasa ne ke fara jin shi a jiki. Shi ya sa aikin ga daga sama ake faro shi. Mutane da yawa suna zuwa bakin kori su tara duwatsu inda ruwa ya riga ya yi ƙarfi, damana guda ta watsa musu aikin, su ce dabarar ba ta ci.

Na farko, ka san hanyar ruwanka. Da rani ma ana gane ta, ka duba inda ƙananan tsakuwa sunka taru, inda saiwar sabara ta fito fili, inda yashi ya kwanta. Sannan ka nemi tiyo mai haske da ake ganin ruwa cikinshi, kamar metir 10, ka cika shi da ruwa ka ɗaure bakunanshi biyu jikin sanduna biyu masu tsawo ɗaya, ka yi musu alama wuri guda. Mutum biyu ke aikin, ɗaya ya tsaya ɗaya ya dinga matsawa sama ko ƙasa har ruwan ya tsaya daidai alama a duka sandunan, nan sai a kafa turke. Haka za ku bi har ku ratsa gonar. Layin zai fito a karkace, kar ka ce za ka miƙe shi don ya yi kyan gani, ido yana ruɗin mutum ƙwarai wajen gangare.

Na biyu, jera duwatsu bisa layin. Ka ɗan tone ƙasa kaɗan don manyan su zauna daram, ka toshe ƙofofin da ƙanana ta wajen tudu inda ruwa ke gangarowa, tsayin kamar santimita 20 zuwa 30 ya isa. Ba madatsa kake ginawa ba, so ake ruwan ya rage gudu ya aje ƙasa da ciyayi da ƴaƴan itacen da ya ɗauko, ya tsiyaye a hankali. Tsakanin layi da layi metir 20 zuwa 50, in gangaren ya yi yawa ka matso da su. In damana ta zo ka dasa gamba jikin layin, saiwarta ta riƙe ƙasa, ga zana ga abincin bisashe.

Na uku shi ne tassa, wato ƙananan ramukan da ake shuka cikinsu, kuma nan ne ƙarfin aikin yake, wallahi ba aikin rago ba ne. Da rani ake gina ta bayan an kawar da amfani, da diga da shebur. Faɗin rami santimita 20 zuwa 30, zurfi 15 zuwa 20, ƙasar da ka fidda ka tara ta ta wajen gangare don ta tare ruwan, kuma kar ramukan su bi bayan juna, na layi na biyu ya faɗa tsakanin biyu na layin farko yadda ruwan da ya kuɓuce wa wannan zai faɗa wancan. In ka bar metir guda tsakani, hekta tana cin rami 10,000, to ka ga gara mutum ya yanki ɗan wuri bana ya ƙara baɗi, ko a yi gayya. Kowane rami ka zuba mishi busasshen taki hannu ɗaya ko biyu ka ɗan yayyafa ƙasa bisa kar iska ya kwashe.

Daga nan kuma sai ka bar wa gara. E, gara ɗin nan da muke zagi tana cin rumbu. Takin ne ke kiranta, ta zo ta ƙarƙashin ƙasa tana huda hanyoyi, ta niƙe takin ta gauraya shi da ƙasa, in ruwa ya sauka ta cikin hanyoyin nan yake bi ya shige ƙasa maimakon ya tsaya bisa rana ta shanye. Busasshen abu take nema, kara da kashin shanu, saboda haka kar ka zuba mata magani, kuma kar ka ƙone karan gona, shimfiɗa shi bisa fakon ma aiki ne. Wani abin kuma, cikin kashin awaki akwai ƙwayar gawo da bagaruwa da sunka ci, ɓawonsu ya yi laushi cikin tumbi, sai ka ga sun tsiro cikin tassa ba kai ka shuka ba. Ka bar su.

Dabarar nan ta tassa wasu manoman Illela ta Nijar sunka gano ta Yatenga ta Burkina Faso a 1989, yankin su Yakuba Sawadogo, manomin da ya shahara da ita, sunka dawo sunka gwada, har ta kai ana sayen fako da kuɗi, ƙasar da da ko kyauta ba mai so. A garin Batodi har ruwan rijiyoyi ya hau. Keita kuwa tun 1984 furojen Italiya da FAO, hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ya fara tare ruwa daga kan tuddai, kuma mata ne sunka ɗauki mafi yawan duwatsun nan a ka.

Shuka sai an yi ruwa mai kyau ramin ya jiƙa, hatsi ko dawa, in sun fito ka rage ka bar uku. Ka sa wake tsakani don saiwarshi na ƙara wa ƙasa ƙarfi. Ƙuduji kam ba a yi mishi sassauci, jikin saiwar hatsi yake manne yana tsotsa, kuma gajiyayyar ƙasa ya fi so, ka tuge shi tun bai yi fure ba ka fidda shi daga gonar.

Sai sassabin zamani. Kututturen sabara da kalgo da ke tohowa kar ka sare su kaf, ka zaɓi reshe biyu ko uku masu ƙarfi ka datse sauran. Bincike a Senegal ya nuna sabara tana jawo ruwa daga zurfi da dare, hatsin da ke kusa da ita ya sha. Gawo kuma kowa ya san halinshi, da damana yake zubar da ganye bai tare wa shuka rana, da rani bisashe su taru inuwarshi su ci ƴaƴan su bar maka taki.

Abin kiyayewa, tassa ba ta jigawa ba ce, yashi zai rufe ramin, ba ta fadama ba ce kuma, ruwa zai kwanta shuka ta ruɓe. In fakon na kiwo ne rami mai siffar rabin wata ya fi, faɗin metir 4, bakinshi na kallon tudu, wajen 300 a hekta, a watsa irin ciyawa a dasa ɗakwara. Amma ku zauna da makiyaya da maigari tun kafin a fara, a san wurin da za a tsare har itacen ya fi ƙarfin akuya, kar kuma a toshe burtali. Ruwan farko mai ƙarfi in ya ɗauke ka zagaya layukan da sassafe, duk inda ya ɓalle ka gyara a ranar, in ka bari ɓarakar nan ce za ta zame maka sabon kori tsakiyar gona.