Yadda Za Ka Koya Wa 'Yan Kasuwa Rubutun Ciniki Ta WhatsApp

Wata Hajiya mai sayar da atamfa da leshi daga gidanta a Unguwar Rimi ta taɓa turo mini hoton wani saƙo tana huci. Ta rubuta wa yaronta da ke cikin kasuwa: "Kada a bari a tura kayan." Abin da take nufi shi ne kada a yi sanya, a hanzarta a kai kayan tashar Kawo su bi motar Kano. Yaro ya karanta abin da ya gani, ya rungume kaya ya zauna, har ma ya hana ɗan dako taɓa su. Mai saye ta jira har magariba, ta nemi a mayar mata da kuɗinta. Da Hajiya ta sa waƙafi guda bayan "bari", da kaya sun kwana Kano. Da wannan saƙon nake buɗe kowane aji tun daga ranar, da izininta.

Idan kana da ilmin ƙa'idojin rubutu, ko ka karanta Hausa ko Turanci a makaranta, akwai masu bukatarka a Kaduna fiye da yadda kake zato: teloli a Kasuwar Barci, masu ƙira da walda a Panteka, matan aure masu turaren wuta da cincin da ke talla a waya, samari masu POS. Cinikinsu ya koma cikin waya, amma ba wanda ya taɓa zaunar da su ya nuna musu yadda ake rubuta shi. Ga yadda nake tafiyar da nawa ajin.

Mataki na farko: fara da saƙonninsu, littafin nahawu ya jira

Kafin ranar farko, ka ce kowane ɗalibi ya turo maka saƙo biyar da ya aika wa masu sayen kayansa a makon da ya wuce, bayan ya goge sunaye da lambobin waya da na asusu. Waɗannan su ne manhajarka. Ka zauna ka karanta su da biro a hannu, kana ware kurakuran gida biyu: waɗanda ke sa a yi wa mutum dariya kawai, da waɗanda ke jawo asarar kuɗi. Da na biyun za ka fara.

Dalili kuwa, ɗan kasuwa ba ɗalibin jarrabawa ba ne. In ka buɗe masa aji da "wakilin suna" da "lamirin lokaci", a mako na biyu sai dai ka ga an bar maka guruf ɗinka kai kaɗai. Amma in ka nuna masa saƙonsa na Talatar da ta wuce, ka ce nan ne mai sayenka ya ɗauka dubu goma sha biyar ka ce alhali dubu hamsin kake nufi, to ka kama kunnensa. Sunayen nahawun za su shigo daga baya, a hankali, bayan ya riga ya iya abin.

Mataki na biyu: shirya ajin daidai da aljihunsu

Buɗe guruf a WhatsApp, kada ya wuce mutum ashirin, don kowane rubutu sai ka gyara shi da hannunka. Ban cika son ajin bidiyo kai tsaye ba: yana cin data, ga wuta ba tabbas, ga shi mai shago ba zai bar mai saye a tsaye ya kalle ka ba. Saƙon murya na minti uku da hoton misali biyu sun isa darasi guda. Ka tura bayan isha'i, su yi aikin washegari a lokacin da kasuwa ta lafa. A lokacin darasi ka rufe guruf ɗin ya zama kai kaɗai ke iya turawa, in ba haka ba sallama da addu'o'in Juma'a za su binne darasin. Maza daban, mata daban, in hakan ya fi wa ɗalibanka sauƙi; a nan garin sau da yawa ya fi.

Mataki na uku: gyara wayar kafin ka gyara mai wayar

Rabin kurakuran da za ka gani ba laifin mutum ba ne, laifin allon rubutun wayarsa ne da ke kan Turanci yana canja masa kalmomi. Darasin farko ke nan: kowa ya shiga saitin Gboard, wato allon rubutun wayar, ya ƙara harshen Hausa, ya kashe gyaran kai-da-kai. Daga nan zai iya samun ɓ da ɗ da ƙ. Waɗannan baƙaƙe masu lanƙwasa ba ƙirƙirar jiya ba ce. Tun shekarun 1930 aka shigo da su ɗab'in Hausa a Zariya, zamanin da Rupert East ke jagorantar aikin talifi a can. Wayar ce ta zo ta sa muka yi kasala.

Wani zai ce ai ana ganewa. Ana ganewa, sai ranar da ba a gane ba. Ka ba su waɗannan su karanta da ƙarfi: "Ina da baki a shago." Baƙi ne suka zo, ko yadi baƙi gare shi, ko kuwa yana da ta cewa a shagon? "An yi fada a kasuwa." "Kafa biyu zan saya," in ji mai neman takalmi. Sai ka ce kowa ya kawo kalma uku daga sana'arsa da ke da lanƙwasa: ɗinki, ƙarfe, ɓawo, kuɗi, ƙwai.

Mataki na huɗu: raba kalmomi da haɗa su

Nan ne za ka daɗe, don nan ne ciwon yake. Ni mako biyu cur nake ba shi. Ƙa'idojin da ake bi yau an daidaita su a tarurrukan masana, har da na Bamako a 1966, amma ɗalibinka ba ya bukatar tarihin. Yana bukatar ya ga yadda tazara guda ke juya magana.

Fara da wanda ya fi shafar aljihu. "Ba shi kayan" umarni ne a miƙa wa mutum kayansa. "Bashi" kuwa kowa ya san abin da ke hana ɗan kasuwa barci. In mai gida ya rubuta wa yaronsa "a bashi", to a miƙa masa ne, ko bisa bashi za a ba shi? Tela ya sa hoton riga ya rubuta "ɗinkin yayi": yana nufin ɗinkin ya yi kyau, ko kuwa wanda ake yayi ne? "Wannan ta fi" yabo ne ga atamfa, "tafi" kuwa kora ce. "Ta ce" magana ce, "tace" aikin mai koko ne. "Akan kawo kaya ranar Litinin" na nufin haka aka saba, "a kan tebur" kuwa wuri ne.

Bayan sun yi dariya sun gamsu, sai ka ba su ƙa'idar a taƙaice. Ƙananan kalmomin da ke zuwa gaban aikatau a ware suke: ya zo, ta biya, mun aika, an tura, za a kawo, ba a gama ba, za mu duba. "Ne" da "ce" su ma a ware: shi ne, ita ce. Mallaka gajera a manne take da sunan: kuɗinsa, shagonmu, motarta. Doguwar kuwa a ware: kayan nan nawa ne, na Alhaji ne. Yana, tana, muna, suna, da yakan, takan, sukan, duk a haɗe. Kada ka zuba musu duka rana ɗaya. Ƙa'ida ɗaya, saƙo biyar na gyara, gobe a ƙara wata.

A nan ne kuma nake shigo da jinsi, ba tare da na kira shi da sunansa ba da farko. Kaduna gari ne da Hausa ta zama harshen kasuwa ga ƙabilu da yawa, don haka za ka ji "motan ya zo" da "rigan ya yi kyau" a bakin mutane da dama, har da waɗanda aka haifa da harshen. A baki ba wanda zai tsayar da ciniki saboda wannan. A rubuce, musamman in saƙon zai je Sakkwato ko Katsina, "motar ta zo" da "rigar ta yi kyau" sun fi sa a ɗauke ka da daraja. Ka gyara ba tare da ka muzanta kowa ba.

Mataki na biyar: alamomi huɗu sun isa

Aya, waƙafi, alamar tambaya, da ruwa biyu. Waƙafi mai ruwa da karan ɗori su jira wanda zai rubuta littafi. Dabarar da ta fi yi mini aiki ita ce in sa ɗalibi ya karanta saƙonsa cikin saƙon murya: inda ya ja numfashi kaɗan, waƙafi, inda ya sauke murya, aya. Alamar tambaya kuwa ka nuna musu da "An biya" da "An biya?" Ɗaya shaida ce, ɗaya bincike. Na san wanda ya saki kaya saboda ya ɗauki na biyun a matsayin na farko. Ruwa biyu na gaban lissafi ne, kamar "Abin da kika zaɓa: shadda yadi biyar, atamfa turmi biyu." Alamar motsin rai kuwa, guda ɗaya ta isa a saƙon barka da salla. Guda bakwai a bayan farashi kamar ihu ne a kunnen mai saye.

Lambobi ma ka ba su darasinsu. Waƙafi a bayan dubu: N15,000 da N150,000 sifiri ɗaya ne tsakaninsu, kuma ido na gudu. In kuɗin da yawa, a rubuta da lamba a maimaita da kalmomi. Lambar asusun banki guda goma ce, ta waya goma sha ɗaya. A ƙirga kafin a tura, a sa ta a layinta ita kaɗai tare da sunan banki da sunan mai asusun, yadda mai saye zai kwafa ba tare da ya haɗo da wata kalma ba. Kwanan wata a rubuta sunan watan. "Jibi" kuma ba kwanan wata ba ne, domin mai karantawa na iya buɗe saƙon bayan kwana biyu.

Mataki na shida: ƙashin bayan saƙon ciniki

Yanzu sai a haɗa. Saƙon ciniki na da gaɓa huɗu: gaisuwa, abin da ya kawo ka, bayanin lamba da lokaci, sai abin da kake so a yi. Gaisuwa dole ce a wurinmu, wanda ya faɗo ba sallama an riga an yi masa hukunci. Amma layi ɗaya ta isa, kuma a cikin saƙo guda da maganar. Kada a tura "Salam" a zauna jiran amsa. Taƙaice-taƙaicen nan irin "slm" da "ngd" da "lfy" a bar wa abokai. Ga irin misalin da nake ba su:

"Assalamu alaikum Hajiya, barka da yamma. Leshin da kika zaɓa ya iso, ruwan toka, yadi biyar, N48,000. In kin amince, za a ba direba a tashar Kawo gobe Laraba da ƙarfe 10 na safe, in turo miki lambarsa. Don Allah ki tabbatar mini kafin ƙarfe 8 na dare. Na gode."

Ka sa su rubuta irin wannan a kan abubuwa huɗu da ke dawowa kullum: faɗin farashi, tabbatar da an ga alat, ba da haƙuri kan jinkiri, da tunin bashi. Na ƙarshen nan ya fi wuya, kuma shi suka fi so. Ɗan kasuwa ko dai ya ji nauyi ya yi ta kewaye har a kasa gane me yake nema, ko ya fusata ya rubuta abin da zai raba zumunci. Nuna musu tsakiya: "Ranka ya daɗe, ina tuni ne a kan cikon N32,000 na ƙofar da aka kai ranar 3 ga Mayu. Ko zai samu kafin Juma'a?" Adadi, dalili, rana, girmamawa. In "Yallaɓai" ko "Alhaji" ko "Anti" ake kiran mutum a baki, haka za a kira shi a rubuce, kuma babba ana iya ce masa "ku".

Masu neman kwangila a ma'aikatu da kamfanoni za su tambaye ka imel da wasiƙar Turanci. Ƙashin bayan ɗaya ne, sai dai a ƙara kan magana a sama, da cikakken suna da sunan sana'a da lambar waya a ƙasa. Abin da nake hana su shi ne gauraya harsuna biyu a jimla ɗaya. In mai sayenka daga Barnawa ko Sabo da Turanci ya rubuto, amsa masa da Turanci mai sauƙi. In da Hausa, da Hausa.

Mataki na bakwai: yadda za ka yi gyara

Kada ka taɓa gyara wa dattijo rubutu a gaban yaran shagonsa. Gyaran mutum a keɓe ake tura masa. Abin da za a sa a guruf sai an cire suna. Kuma kada ka ja layi a kan kurakurai goma a saƙo ɗaya, biyu sun isa, ka fara da abin da ya yi daidai. Na fi son in nuna wurin in ce "duba nan", shi ya gano da kansa, don wanda aka gyara wa yakan manta, wanda ya gano ba ya mantawa da wuri.

A mako na shida, wato na ƙarshe, ka dawo musu da saƙonni biyar ɗin nan da suka turo tun farko, kowa ya gyara nasa. Waɗanda suka fito da kyau su adana su a WhatsApp Business cikin amsoshin da ake shiryawa tun kafin a tambaya, sai dai su riƙa canja adadi da rana. Ka kuma tuna musu cewa WhatsApp na ba da minti 15 a gyara saƙon da aka riga aka tura. Hajiyar Unguwar Rimi ta ce da ta san da wannan tun a lokacin, da ba ta mayar wa mai saye kuɗinta ba, ni kuwa na ce mata ai sai an sake karanta saƙon kafin a san akwai abin gyarawa.