Yadda ake ƙidayar masu kwana a titi a babban birni

A dare ɗaya cikin kakar 2023 an ƙirga mutum 1,132 kwance a titunan Landan. Amma daga Afrilun 2023 zuwa Maris ɗin 2024, ma'aikatan da ke zagaya titunan birnin sun rubuta mutum 11,993 da suka gani suna kwana a waje. Duka alƙaluman biyu gaskiya ne. Na farko ya nuna yawan mutane a dare guda, na biyu kuwa duk wanda titi ya zame masa makwanci cikin shekara, ko da na kwana ɗaya ne. Mai son ya san girman matsalar a garinsu sai ya yi duka biyun, ga kuma yadda ake bi.

Mataki na farko, a yanke wa za a ƙirga, a rubuta shi kafin kowa ya fita. A Ingila, tun 2010 ana ƙirga wanda ya kwanta ko yake shirin kwanciya a fili, ko a wurin da ba don zama aka gina shi ba, kamar mota, tasha, matakalar bene da wurin ajiye motoci. Waɗanda ke gidajen agaji ba sa cikin wannan lissafi. Amurka kuwa tana ƙirga rukunin biyu, kowanne daban, kuma a 2024 jimillarsu ta kai 771,480.

A garuruwanmu wannan matakin ya fi wuya. Almajirin da ke kwana a zauren malaminsa fa? Ɗan ci-ranin da ke shimfiɗa kwali a rumfar kasuwa alhali yana da gida a ƙauye? Mai gadin da ke kwana ƙofar shago don aikinsa ne? 'Yan gudun hijirar da suka tare a kango? A ganina kowanne a ba shi nasa layi a takarda. In aka cakuɗa su, za a sami babban adadi da ba zai amfani kowa ba, domin abin da almajiri ke buƙata daban yake da na dattijon da taɓin hankali ya raba da danginsa.

Na biyu, a zaɓi dare. Amurka tana yi cikin kwana goman ƙarshen Janairu, Ingila kuma tsakanin 1 ga Oktoba da 30 ga Nuwamba. Abin lura shi ne a riƙe lokaci ɗaya kowace shekara, in ba haka ba ba za a iya kwatanta bana da bara ba. A guji daren biki, daren kasuwa da daren ruwa. A lokacin zafi ma masu gida suna fitowa ƙofa su kwana, don haka hunturu ya fi dacewa.

Na uku, a raba gari a taswira, kowace tawaga da yankinta mai iyaka sananniya, don kada a ƙirga mutum sau biyu. Kafin daren, a zauna da waɗanda suka san gari bayan sawu ya ɗauke: masu unguwanni, 'yan sintiri, masu shayi, ladanai, shugabannin tasha. Amma waɗanda suka taɓa kwana a titi sun fi kowa sanin maɓoya, a sa su cikin tawaga, a kuma biya su.

Na huɗu shi ne fitar kanta. Ana farawa bayan sha biyun dare, a gama kafin asuba. Mutum biyu ko uku a tawaga, da mace a ciki in ya yiwu. Birnin Paris yana yin irin wannan ƙidaya ta dare da 'yan sa-kai tun Fabrairun 2018. Ba a tayar da mai barci, ba a haska masa fuska, ba a ɗaukar hotonsa. In idonsa biyu, a yi sallama a durƙusa: “Baba, sannu da dare. Muna ƙidaya ne don a san masu buƙatar taimako, ko ka yarda mu yi maka 'yan tambayoyi?” In ya ƙi, a rubuta an ga mutum ɗaya a wuce. In ya amince, a tambayi shekarunsa, daga ina ya zo, tun yaushe yake waje, da abin da ya raba shi da gida.

Na biyar, a auna waɗanda ido ya tsallake. New York ta yi amfani da wata dabara mai kyau: ana aika wasu su zauna a titi kamar marasa matsuguni, ba tare da masu ƙidaya sun san su ba. Misali, in an aika 100 aka gano 80, an san kashi ɗaya cikin biyar ya kuɓuce, sai a gyara lissafi. Duk da haka mata kan ɓace a irin wannan ƙidaya, domin tsoron cin zarafi yana sa su yawo har gari ya waye, ko su fake inda ba a ganinsu. Shi ya sa tun 2022 wasu ƙungiyoyi a Landan suke ƙidayar mata daban, ta mako guda, suna bi da rana ma.

Na shida, a buɗe rajista ta duk shekara, irin ta Landan da ake kira CHAIN. Duk ma'aikacin da ya haɗu da mai kwana a waje sai ya shigar da shi, kowane mutum da lamba ɗaya. Daga nan ake gane sabon faɗawa, da wanda ya daɗe, da wanda ya sami wuri ya sake dawowa titi.

Idan an zo fitar da sakamako, a faɗi fili cewa adadin dare ɗaya mafi ƙanƙanta ne, a kuma bayyana yadda aka yi da unguwannin da ba a kai ba. Sunaye da wuraren kwana kuwa su tsaya hannun masu kai taimako kaɗai. Ranar da aka miƙa taswirar ga masu kame, mutanen za su ƙara nisa cikin lunguna, baɗi adadi ya ragu a takarda alhali ko mutum ɗaya bai sami ɗaki ba. Wannan sharaɗin a rubuta shi, hukuma ta sa hannu tun kafin tawaga ta farko ta fita.